Yadda Ake Naɗa Zoben Ƙarfe Maimakon Huda Shi, Don Rage Asara

A cikin injin babur, da janareto, da fanka, da gilashin kyamara, akwai wasu ƙananan zobba na ƙarfe masu faɗi kamar washa. Wasu suna riƙe sandar da ke juyawa kada ta zame, wasu suna hana sassa biyu gogar juna. Ba a cika kula da su ba sai ranar da ɗaya ya karye. Amma hanyar da aka saba ƙera su tana cin ƙarfe fiye da yadda mutum zai zata.

Inda asarar take

Hanyar da aka fi sani ita ce hudawa. Ana tura fallen ƙarfe cikin injin matsi, wani kaifaffen ƙarfe ya sauko ya cire da'irar tsakiya, wani ya yanke kewayen waje. Aikin yana da sauri ƙwarai, sai dai lissafinsa ba daɗi.

A ɗauki zobe mai faɗin milimita 100 a waje da 80 a ciki. Kafin a same shi, sai an yanki falle mai milimita 100 a kowane gefe, wato murabba'in milimita 10,000. Zoben kansa bai wuce murabba'in milimita 2,827 ba. Ke nan kashi 28 cikin 100 ne ya zama kaya, sauran kashi 72 sun tafi kwandon tarkace. Idan zoben ya ƙara sirancewa, asarar ma ƙaruwa take yi.

Gaskiya ne ana sake narka tarkacen, amma narkawa tana cin wuta da kuɗi, kuma kamfani yana sayar da tarkace a farashin da bai kai na sabon falle ba. A matsakaicin lissafin duniya, kowane tan na ƙarfe yana fitar da kusan tan biyu na iskar kabon. Binciken Julian Allwood da abokan aikinsa a Jami'ar Cambridge ta Ingila ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfen da ake narkawa ba ya kaiwa ga zama kaya, yana komawa tarkace tun a masana'anta.

Dabarar naɗawa

Maimakon a huda, sai a ɗauko siririn ƙarfe mai tsawo kamar zare, a lanƙwasa shi ya zama da'ira. Wahalar tana wajen ɓangaren da za a lanƙwasa. Idan aka lanƙwasa rula ta ƙarfe ta cikinta, abin da zai fito kamar jikin gwangwani ne. Zobe mai kwanciya kamar washa yana buƙatar a lanƙwasa ta ta gefe, abin da hannu ba zai iya ba. Injin yana amfani da wasu ƙafafun ƙarfe masu juyawa da ke matse zaren sama da ƙasa don kada ya karkace, suna tura shi yana naɗuwa hawa-hawa. Daga nan sai a yanke adadin zagayen da ake so.

Ga zoben da aka yi misali da shi, zare mai faɗin milimita 10 da tsawon kusan milimita 283 ya isa, kuma kusan duka yana shiga cikin zoben. Wanda ya san abin wasan yara mai suna Slinky, wanda injiniya Richard James ya ƙirƙiro a Amurka a 1943, ya ga irin wannan naɗi. Kamfanin Smalley da ke jihar Illinois ya shahara da wannan hanya wajen yin zobban Spirolox masu zagaye biyu, masu kama da zoben makulli.

Masu ƙera motoci ma sun daɗe da kama dabarar. Zoben nan mai haƙora da sitata ke kamawa don tayar da inji, sau da yawa daga sandar ƙarfe ake naɗa shi, a haɗe bakinsa da walda, sannan a fitar da haƙoran. Haka cikin altaneta da ke cajin batir: ana fitar da haƙora a jikin dogon zare, a naɗa shi hawa-hawa, maimakon a huda da'irori ɗaya bayan ɗaya.

Matsalolin da ke tattare da ita

Naɗawa ba ta zo kyauta ba. A misalin nan, kewayen waje milimita 314 ne, na ciki kuma 251, alhali duk daga tsawo ɗaya suka fito. Don haka gefen waje yana miƙewa da kusan kashi 11 ya sirance, na ciki ya matsu ya yi kauri. Ana magance wannan ta hanyar fara aiki da zaren da gefensa ɗaya ya ɗan fi kauri, ko a sake murje zoben bayan naɗi. Ƙarfe kuma yana ɗan buɗewa idan aka sake shi, dole a naɗa shi ya ɗan fi matsewa. Sannan ga baki biyu da suka rage: ko a yi musu walda, ko a bar su a buɗe idan aikin zoben ya yarda.

Shi ya sa hudawa ba ta mutu ba. Ga ƙaramar washa mai ƙaramin rami, asarar ba ta da yawa, kuma injin matsi ya fi sauri nesa ba kusa ba. A nan manhajar kwamfuta ke shigowa: tana jera siffofi a kan falle yadda tela ke jera yanka a kan yadi, har ta saka ƙaramar washa cikin ramin babba. Amma idan zobe babba ne kuma siriri, ko ƙarfen mai tsada ne, naɗawa ce ke rage kuɗin kaya, kuma ba a buƙatar sabon ma'aunin huda duk lokacin da aka canza girma.