Gwaji Ba Ya Tsayuwa Sai Da Shaida

A bana 'yan ajinmu aka ɗora wa shafin kimiyya na wannan ɗan littafi. Da muka yi shawara, sai muka ga gara mu ba da labarin gwajin da ya ba mu kunya a darasin ilimin halittu, wanda ake kira SVT a tsarin karatun Faransanci, don a cikinsa muka fi ƙaruwa.

Kowa ya san halin ruwa a unguwanninmu na Libreville. Famfo kan ɗauke, shi ya sa kusan kowane gida da duro ko bokitai cike da ruwa. Idan ruwan ya kwana biyu, sai ka ga wasu 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a ciki. Ranar nan gardama ta kaure a aji a kan asalinsu. Wasunmu suka ce ruwan ne da kansa ke haifar su idan ya daɗe, haka suka ji a gida. Wasu suka ce a'a, sauro ne ke zuwa ya yi ƙwai. Muka nemi Malam ya raba gardama, ya ƙi. Cewa ya yi: "Ba da yawan baki ake cin wannan shari'a ba, kuma ba da girman malami ba. Ku je ku gwada."

Kafin mu fita ya sa muka rubuta abu huɗu a allo. Na farko abin da muka lura da shi: tsutsotsi na bayyana a ruwan da aka ajiye. Na biyu tambaya: daga ina suke fitowa? Na uku zato, wato amsar wucin gadi da za a iya ƙaryatawa: sauro ne ke kawo su. Na huɗu abin da ya kamata a gani idan zaton gaskiya ne: ruwan da aka hana sauro kaiwa gare shi ba zai yi tsutsa ba, komai daɗewarsa. Ya ce zaton da babu wani sakamako da zai iya rushe shi, ba na ɗakin gwaji ba ne.

To, mu da gaggawa. Muka ɗauko bokiti biyu. Ɗaya muka cika shi daga duron da ke bayan makaranta, muka rufe bakinsa da yankin tsohon gidan sauro, muka bar shi a waje. Ɗayan muka tara a famfo, muka bar shi a buɗe a cikin aji. Bayan kwana biyar muka duba. Kai! Bokitin da muka rufe ne ya cika da tsutsa, na buɗen kuwa fes. 'Yan ɓangaren "ruwa ke haifarwa" har da tafi, suna cewa gani ya kori ji.

Malam bai ce mun yi ƙarya ba. Tambaya kawai ya yi: "Abu nawa ne ya bambanta bokitan nan biyu?" Muka ƙirga. Murfi, ɗaya. Inda aka ɗebo ruwa, biyu. Inda aka ajiye su, uku. Ga shi kuma ɗaya tsoho ne, ɗaya sabo. Ashe ruwan duron tun farko yana ɗauke da ƙwai ko jariran tsutsa, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya saurin kama su. Mu da hannunmu muka zuba su, muka rufe. Abin da muka gani gaskiya ne, amma hukuncin da muka yanke a kansa kuskure ne.

A nan ya koya mana kalmar da ta zauna mana. A Faransanci, abin da ake ajiyewa ba a taɓa shi ba domin a kwatanta da wanda aka gwada, sunansa témoin, wato shaida. Mu da muke karanta fiƙihu ba baƙi ba ne ga wannan: mai da'awa ba ya cin shari'a da bakinsa kaɗai. Kuma kamar yadda ba kowace shaida ake karɓa ba, haka a gwaji. Shaidar kirki ita ce wadda ta yi daidai da abin gwajin ta kowace fuska, ban da abu guda ɗaya da ake tambaya a kansa.

Sai muka sake lale. Muka samo bokiti takwas iri ɗaya, muka goge cikinsu da buroshi, domin ƙwan wani sauron kan manne a jikin mazubi ya yi watanni a bushe bai mutu ba. Muka tafasa ruwa a tukunya ɗaya tare da busasshen ganye, ya huce, muka raba daidai wa daida. Muka rubuta lamba a kowane bokiti, muka jefa ƙuri'a: huɗun da suka fito aka rufe su da raga, huɗu aka bari a buɗe. Ƙuri'ar ta hana mu zaɓar wa ɓangaren da muke so wuri mai kyau. Duka takwas muka jera su a inuwa ɗaya. Kowace safiya ana ƙara musu dafaffen ruwa gwargwado ɗaya, a ɗebi kofi daga kowanne, a kai wa 'yan wani aji su duba, ba tare da sun san wanne kofi ya fito daga wanne bokiti ba. Duk bokitin da aka ga tsutsa a ciki, sai a rubuta ranar, a zubar da ruwan a busasshiyar ƙasa, don a yanayin zafi irin namu kwana bakwai zuwa goma sun ishi ƙwai ya zama sauro mai tashi.

Cikin kwana goma, uku daga cikin bokitan da ke buɗe sun yi tsutsa, na rufe ko ɗaya. Wani daga cikinmu ya ce a bar na huɗun nan da bai yi ba, kada ya ɓata mana lissafi. Malam ya ce ɓoye sakamako ha'inci ne, a rubuta shi yadda yake. Kuma shi ne amfanin maimaitawa: da wannan bokitin kaɗai muka ajiye, da mun sake ɓata.

Ya kuma ja mana kunne kada mu wuce gona da iri. Gwajinmu ya nuna tsutsar tana bukatar sauro ya kai ga ruwa. Bai nuna wane irin sauro ba ne, bai kuma ce komai a kan zazzaɓin cizon sauro ba. Hasali ma sauron da ya fi son bokiti da tsohuwar taya shi ne Aedes, mai zanen fari da baƙi, wanda ya yaɗa cutar cikungunya da dengi a Libreville a 2007. Mai kawo maleriya kuwa Anofilis ne, shi ya fi son kududdufin ƙasa.

Daga baya muka gane ba mu ne farau ba. A 1668 wani likitan Italiya, Francesco Redi, ya sa nama a kwalabe, wasu a buɗe wasu a rufe da yadi mai raga, ya nuna ƙuda ne ke kawo tsutsar nama. Tun kafin shi da ƙarnuka, Abubakar al-Razi, likitan Rayyu da Bagadaza wanda ya rasu wajen 925, ya ambata a littafinsa Al-Hawi cewa ya fitar wa wasu marasa lafiya jini, ya bar wasu masu alamu iri ɗaya da gangan don ya kwatanta. Likitocin yau ba sa bin maganin nasa, amma dabarar ajiye shaida tana nan.

Kada a ɗauka wannan wasan bokiti ne kawai. A nan Gabon, a Lambarene da ke bakin kogin Ogooué, inda Albert Schweitzer ya kafa asibiti a 1913, akwai cibiyar binciken lafiya da ake kira CERMEL. Lambarene na cikin wurare 11 a ƙasashen Afirka 7 da aka gwada rigakafin maleriya mai suna RTS,S daga 2009 zuwa 2014, a kan yara fiye da 15,000. Da ƙuri'a aka raba yaran. Wasu aka yi musu sabon rigakafin, wasu kuma, su ne shaida, aka yi musu wani rigakafin daban mai amfani: na cizon mahaukacin kare ga masu wata 5 zuwa 17, na sanƙarau ga jarirai. Iyaye ba su san wanne aka yi wa ɗansu ba, haka ma likitocin da ke duba yaran idan sun yi zazzaɓi. Abin da muka yi da kofuna ke nan, sai dai a nan rayukan yara ake magana.

Sakamakon da aka fitar a 2015 ya nuna cewa a cikin masu wata 5 zuwa 17 da suka samu allura huɗu, kamuwa da maleriya ta ragu da kimanin kashi 36 cikin 100 a tsawon kusan shekara huɗu. Ku duba da kyau: yara da yawa da aka yi wa rigakafin sun yi zazzaɓi duk da haka. Uwar da ta ga ɗanta kaɗai za ta iya cewa allurar banza ce. Wata kuma da ɗanta bai kwanta ba za ta ce ta kore cutar gaba ɗaya. Dukkansu abin da suka gani suka faɗa, amma sai da aka jera dubban yara kusa da shaidarsu sannan ainihin gwargwadon ya fito. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da rigakafin a watan Oktoba na 2021, maƙwabciyarmu Kamaru kuma ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum a Janairun 2024. Da yake kariyarsa ba cikakkiya ba ce, gidan sauro yana nan a matsayinsa.

Wannan ya kawo mu ga maganar da muke ji kullum a gida, a kasuwa, da cikin saƙonnin WhatsApp: "Na sha, na warke." Ba mu ce mai faɗa maƙaryaci ne ba. Amma mura da zazzaɓi iri-iri kan tafi da kansu, kuma wanda ya sha bai warke ba ba ya yawo yana talla. Ba kuma raina maganin itatuwa muke yi ba. Sinadarin atemisinin, ginshiƙin maganin maleriya na yau, daga wani tsiro dangin tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka fitar da shi a farkon shekarun 1970, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Abin da ya ɗaga shi shi ne an gwada shi, ya tsaya.

Saboda haka muna roƙon 'yan'uwa, duk wanda ya kawo muku magani ko labarin lafiya, ku yi masa tambaya uku cikin ladabi. Da wa aka kwatanta? Mutum nawa aka gwada? Waɗanda bai yi wa aiki ba, an ƙirga su? Iyayenmu kuma, don Allah a rufe duro, a riƙa goge cikinsa kowane mako, a kifar da gwangwani da tayoyin da ke tara ruwan sama. Yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi a gwada jininsa kafin a ba shi magani, domin ba kowane zafin jiki ne maleriya ba.

Bokitan takwas suna nan a ɗakin ajiya. 'Yan ajin da ke bayanmu sun ce baɗi za su gwada ko launin bokiti yana da tasiri wajen jawo sauro. Mun faɗa musu su fara da goge su.