Baƙin da suka zama ƴan gari

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, da hantsi ya yi sai ya tafi. To amma ɗan'uwa mai karatu, ba kowane baƙo ke tafiya ba. Wani yakan zo fatauci, ya yi aure, ya haifu, har jikokinsa su tashi ba su san wani gida ba sai nan. Bari mu duba irin waɗannan baƙi a ƙasar Hausa.

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, wani babban malami ya zo Kano. Sunansa Shehu Magili, mutumin Tilmisan ta ƙasar Aljeriya ta yau. Shi dai ya wuce, amma ya bar zuriya. Su ne Sharifan Kano, ana kiran shugabansu Sidi Fari.

Bayansu sai fataken Larabawa daga Gadamas da Tarabulus, a Libiya ta yau. Sukan keto hamada da raƙuma, su biyo ta Agadas, su sauka Damagaram, su zarce Kano. Suna kawo takarda da alharini da tsakiya da sukari. Suna saye kirgi da gashin jimina da hauren giwa. Gaskiya ɗaya ce, har bayi sun saya. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, wannan ciniki ya bunƙasa ƙwarai. A Damagaram fatake na sauka Zango, bayan ganuwar Birni. A Kano kuwa akwai unguwar Dandalin Turawa. Ka san dalilin sunan? A da, Larabawa ake kira Turawa, tun kafin Nasara su zo. Gurasa da alkaki da kake ci, daga wajensu muka koya.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Kaya suka koma bin teku, hanyar raƙuma ta mutu. Wasu Larabawan suka koma gida, wasu suka zauna, suka saje da ƴan gari.

Jirgin nan ya kawo sababbin baƙi, mutanen Labanan da Siriya, waɗanda muke kira Kwarori. Talauci da yunwa da yaƙi suka koro da yawansu. Sun fara da ƙananan kantuna, daga baya suka shiga sayen gyaɗa da fatu. Gyaɗar Matamai da Kance da Magarya ma ta Kano take bi zuwa bakin teku. Ba kullum aka rabu lafiya ba, don manoma kan yi ƙorafi kan awo da farashi. Duk da haka an zauna tare. Kasuwar Kantin Kwari ta Kano daga gare su ta samo suna. Jikokinsu da yawa a Kano aka haife su, Hausa a bakinsu kamar taka.

Yanzu juya ka dubi namu. Hausawa sun kafa zango a Kumasi da Ankara ta ƙasar Gana. Wasu sun tafi Makka a ƙasa, suka tsaya Sudan, zuriyarsu na can har yau. Ƴan'uwanmu na zuwa ci-rani Libiya da Aljeriya, kuma hanyar ba sauƙi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya. Ƙishirwa ta kashe su. Yawancinsu mata ne da yara, da dama daga yankin Kance.

Ka ga ke nan, mutum ba ya barin garinsu don daɗi. In baƙo ya sauka unguwarku, ka ba shi ruwa, ka tambayi sunansa, kada ka cuce shi a ciniki. Naka ma baƙo ne a wani wuri, yana jiran mai ba shi ruwa.