Ranar Da Sabis Ya Ɗauke: Wace Hanya Ta Biyu Muka Tanada?

Duk wanda ya taɓa bin layi a shagon kwamfuta a Burumburum ko Tudun Wada don duba sakamakon NECO ya san wannan kalma: "Sabis ya ɗauke." Mai shago ya kifa kai, mu kuma mu koma gida da takardunmu, kuɗin mota sun tafi a banza.

Wani lokacin matsalar tana kusa: janareton turken sadarwa ya mutu, ko masu aikin titi sun tsinke waya a ƙarƙashin ƙasa. Wani lokacin kuwa tana can nesa. Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, kwanaki kaɗan da fara azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke kwance a ƙasan teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace: WACS, MainOne, SAT-3 da ACE. Manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki, masu POS suka zauna jugum. Amma wayar Glo-1, wadda Glo ya shimfiɗa wa kansa, ba ta cikin waɗanda suka lalace. Darasin a nan shi ne, hanyoyin kamfanoni ba ɗaya ba ne, kuma da wuya dukansu su toshe rana guda.

Saboda haka ƙaramin ofis, ko shagon kwamfuta ne ko ofishin shugaban makarantarmu, bai kamata ya dogara da layi ɗaya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba sai an sayi Starlink ba, wanda ya iso Nijeriya a 2023 amma kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin shagunanmu. Abin da ake buƙata kaɗan ne: layi na biyu na wani kamfani daban, a saka shi a tsohuwar waya, a zuba masa ɗan data. In MTN ya ɗauke, a kunna hotspot na Airtel, kwamfuta ta ci gaba da aiki. A fara gwadawa tukuna, domin layin da ke da ƙarfi a Bebeji ko Kiru yana iya zama sanda ɗaya a wajen dajin Falgore. A kuma tanadi fawa bank ko ƙaramin sola, don data ba ta da amfani idan waya ta mutu.

Sai batun imel, wanda ya fi shafar mu ɗalibai. Rajistar JAMB tana farawa ne da tura lambar NIN zuwa 55019 ko 66019, kuma layin da aka tura da shi da adireshin imel ɗin da aka bayar za su bi ɗalibi har zuwa samun gurbi a jami'a. Da yawanmu mai shago ne ke buɗe mana imel cikin gaggawa, ya riƙe kalmar sirri a kansa. Bayan wata shida ya manta, ko ya rufe shago ya koma Kano, shi ke nan an kulle mu waje.

Mu buɗe imel ɗinmu da hannunmu. Mu saka lambar waya da imel na biyu na dawo da asusu. Gmail yana ba da lambobin ko-ta-kwana guda 10 ga wanda ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu. A rubuta su a takarda, a ajiye tare da takardar haihuwa. Layin da muka yi rajista da shi kuma kada mu yar da shi a aljihun tebur, domin idan ya daɗe ba a amfani da shi kamfani na iya sayar wa wani.

A wannan makon, mu tambayi malamin kwamfuta: idan sabis ya ɗauke ranar ƙarshe ta tura sunayenmu ga WAEC, wane layi makarantarmu za ta kunna?