Babbar tsutsar kiwo da robar tekawe: gaskiya da ƙarya a saƙon da ke yawo

Wani saƙo ya karaɗe zaurukan WhatsApp na masu kiwon kaji da tarwaɗa. Yana tallar wata babbar tsutsa da Turawa ke kira superworm, yana cewa duk wanda ya fara kiwonta ya yi ban kwana da sayen abincin kaji. Wai tana cin farar robar nan mai kama da soso da ake zuba abincin tekawe, don haka ciyar da ita kyauta ne: ka tsinto roba a bola, tsutsa ta ci, kaza ta ci tsutsa, kai kuma ka kwashi ƙwai. Ban ga laifin wanda ya gaskata ba. Duk wanda ya san yadda kuɗin masara da waken suya suka kori mutane daga kiwo zai fahimci dalilin da ya sa irin wannan labari ke shiga rai. Laifin na wanda ya tsinci rabin gaskiya ne, ya yi mata kwalliya, ya tura wa mutanen da jarinsu bai taka kara ya karya ba.

Tsutsar dai gaskiya ce. 'Yar wani baƙin ƙwaro ce da masana ke kira Zophobas morio, asalinsa yankunan zafi na tsakiya da kudancin nahiyar Amurka. Tsawonta kan kai santimita 5 zuwa 6, kuma an daɗe ana kiwonta a Turai da Amurka don ciyar da tsuntsaye da kifi da ƙadangarun da ake ajiyewa a gida. Ba wa kaji ƙwari ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, tun da iyayenmu sun saba ɗebo gara su zuba wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi.

Maganar robar ce ta fi damuna, domin ita ce za ta cutar. Tushenta wani bincike ne da masana a Jami'ar Queensland ta Ostareliya suka wallafa a 2022, ƙarƙashin jagorancin Dokta Chris Rinke. Sun raba tsutsotsin gida uku na tsawon mako uku: wasu aka ba su dusa, wasu farar roba zalla, wasu aka bar su da yunwa. Masu cin roba sun rayu, kuma an gano cewa ƙwayoyin halittar da ke cikin hanjinsu na iya farfasa robar. A nan mai saƙon ya tsaya da karatu. Sauran sakamakon shi ne, masu cin dusa sun ninka nauyinsu har da ɗoriya, masu cin roba kuwa ƙarin da suka yi ɗan kaɗan ne. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan dusa sun kai matakin rikiɗa zuwa ƙwaro, amma na roba kusan kashi 67 ne kawai. An kuma ga lafiyar hanjinsu ta taɓu: ire-iren ƙwayoyin da ke cikinsa sun ragu, wasu masu iya jawo cuta sun bayyana. Masanan ba abincin kaji suke nema ba. Burinsu su gano sinadaran da ke narkar da robar, a yi amfani da su a masana'antar sarrafa shara.

Akwai wani binciken da masu kare saƙon za su iya kawowa, kuma adalci ne a faɗe shi. A 2019 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ba wata ƙaramar tsutsa, 'yar uwar wannan, roba mai ɗauke da sinadarin hana kama wuta da ake kira HBCD, suka ga ta fitar da kusan dukkansa cikin kwana biyu. To amma wannan wata tsutsa ce daban, sinadari ɗaya aka bibiya, kuma a ɗakin gwaji. Sannan gubar ba ɓacewa ta yi ba, cikin kashin tsutsar ta koma, kashin da mai kiwo zai kwashe ya zuba wa alayyafo da tumatir a matsayin taki. Robar bola kuwa ta sha ruɓaɓɓen mai da ruwan kwata da abin da ba a sani ba. Tarayyar Turai ta halatta sa ƙwari a abincin kifi a 2017, ta ƙara da kaji da aladu a 2021, amma ta hana a ciyar da waɗannan ƙwari da shara ko kashin dabbobi ko ragowar abincin gidajen cin abinci. Hujjar da ke hannu ba ta isa a ce duk wanda ya ci ƙwan irin wannan kaza zai kwanta ciwo ba. Ba ta kuma isa a ce babu komai ba. A irin wannan hali, mai hankali ba ya gwaji da cikin iyalinsa da na masu sayen ƙwansa.

Cewa tsutsar za ta maye gurbin abincin kaji gaba ɗaya ma kuskure ne. Tana da furotin sosai, amma kitsenta ya kusa kamo furotin ɗin yawa, sinadarin kalsiyam kuma ƙalilan ne a jikinta. Kazar da aka ɗora a kanta zalla za ta tara kitse, ɓawon ƙwanta ya yi laushi. Ƙari ce a kan abinci, kamar yadda ƙuli-ƙuli yake a kan kwaɗo.

Sauran maganganun da ake yi a kan tsutsar ba sa buƙatar dogon bayani. Wai tana huda cikin ɗan tsako ta fito: babu shaidar haka, sai dai babbar ta yi wa ƙaramin tsako girma, a ba shi ƙanana. Wai a adana ta a firji: sanyi kashe ta yake yi. Wai cikin mako biyu za ka fara kwasa: daga ƙwai zuwa tsutsar da ta isa bayarwa watanni ne.

Wanda ke son kiwon da gaske, hanyarsa a fili take. A zuba busasshiyar dusar alkama ko ta masara a roba mai santsin ciki, a huda murfin don iska. A riƙa sa yankan karas ko dankali ko kabewa a madadin ruwa, a cire shi kafin ya yi fumfuna, domin idan tsutsotsin suka rasa danshi junansu suke ci. Muddin suna cunkushe ba sa rikiɗa, sai an ware manya ɗaya-ɗaya a ƙananan gwangwanaye cikin duhu. Bayan 'yan makonni ƙwaro ya fito, a haɗa su a wani mazubi su yi ƙwai. Sun fi son ɗumin digiri 25 zuwa 30, saboda haka zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri na iya halaka su a ɗakin kwano, hunturu kuma ya rage musu girma.

Idan saƙon ya iso gare ka, kada ka tura shi gaba, kuma ka gaya wa wanda ya aiko maka gaskiyar lamarin. Ka fara kiwon da kaɗan, ka ciyar da dusa mai tsabta, ka ci gaba da ba kajinka cikakken abincinsu. Robar bola kada ta kusanci abin da zai ƙare a tukunyar mutane.