Kumburin da Ake Ɗauka Ƙiba Ce

A Turai da Amurka da ƙasashen Larabawa, ana yi wa masu matsananciyar ƙiba tiyata: a yanke kusan kashi 80 cikin ɗari na tumbi, ko a karkatar da hanji yadda abinci zai wuce bai gama shiga jiki ba. Nauyi yakan sauka kam. To amma bayan wasu watanni, wasunsu sai gashi ya fara zubewa, ƙarfi ya ƙare, ƙafafu su kumbura saboda ƙarancin furotin. An fi ganin haka a irin aikin da likitan Italiya, Nicola Scopinaro, ya ƙirƙiro a shekarun 1970, wanda ke tsallake mafi yawan hanji. Shi ya sa ake gindaya musu cin aƙalla giram 60 na furotin kullum, kwatankwacin ƙwai goma.

Mu a Belbeji ba mu da wannan tiyata, amma ƙafar nan mun san ta. Ita ce ƙafar yaron da aka yaye, aka bar shi da kunu zalla. Tun 1933 likita Cicely Williams ta bayyana wannan nau'in tamowa a Akara. Ɗaya daga cikin ayyukan furotin a jini shi ne riƙe ruwa cikin jijiyoyi. Idan ya yi ƙasa, sai ruwan ya tsiyaya ya taru a ƙafa da fuska. Nan ne haɗarin yake, domin kaka za ta dubi kumatun ta ce: "Masha Allah, ya murmure!" Alhali gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ko abinci ba ya so.

Gwajin ba wuya. Uwa, ki danna bayan ƙafafun yaron biyu da manyan yatsunki, ki ƙirga uku a hankali, ki ɗaga. Idan rami ya zauna a duka biyun, ki kai shi asibiti a ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Abin takaici, ƙasarmu ta Damargu ba ta rasa maganin ba. Ga nono, ga cuku, ga wake, ga fara. Sai dai kasuwa ce ke cinye su, ƙwai kuma a hana yaro wai zai zama ɓarawo. Maigida, kafin ka ɗora buhun wake a mota, ka ware tiyar yara. Uwargida kuma, a dama kunun da nono ko ƙullin gyaɗa.