Me ya sa masu taɓin hankali ke daina shan magani?

A ƙauyukan masarautar Gumel, daga Maigatari zuwa Gagarawa da Sule Tankarkar, idan matashi ya fara jin muryoyin da babu mai jin su, ko yana zargin ana shirya masa makirci, akan fara danganta abin da aljanu ko sammu.

Likitoci na kiran wannan cuta sikizofireniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 tana damun mutane kimanin miliyan 24, wato mutum ɗaya cikin 300. Galibi takan bayyana ne daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da wani abu.

Sauƙi ba warkewa ba ne

Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine da risperidone suna rage tasirin sinadarin dofamin a ƙwaƙwalwa, sai muryoyin da zarge-zargen su lafa cikin makonni.

A nan matsalar take somawa. Da zarar majinyaci ya koma gona ko kasuwa, sai dangi su ɗauka ya warke, a ajiye magani. Bincike ya nuna akasarin waɗanda suka daina kan sake kwanciya cikin shekara ɗaya zuwa biyu.

Wasu kuma illolin maganin ne ke korarsu: sandarewar jiki, karkarwar hannu, dalalar miyau, yawan barci ko ƙiba. Akwai kuma wanda cutar kanta ke hana shi yarda cewa ba shi da lafiya.

Nisa da tsada

Asibitin masu taɓin hankali na jihar Jigawa yana Kazaure ne, wasu iyalan kuma sai sun dangana da Dawanau a Kano. Ga mai noman gero, kuɗin mota da na magani kowane wata ba ƙaramin nauyi ba ne.

Sai tsangwama: iyali kan ɓoye majinyaci don gudun kada a ƙi auren 'ya'yansu. A 2019 ƙungiyar Human Rights Watch ta ba da rahoton yadda ake ɗaure irin waɗannan mutane da mari a sassan Najeriya. A watan Janairun 2023 shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958.

Abin da iyali za su yi

Likitoci sun ce idan illa ta bayyana a koma asibiti, domin ana iya rage magani ko a sauya shi. Ga mai mantuwa akwai allurar da ake yi bayan 'yan makonni. Kafin azumi a nemi likita ya daidaita lokutan sha, a kuma nisanci tabar wiwi.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana shan magani. Hukumar ta ce aƙalla mutum ɗaya cikin uku na masu cutar kan murmure baki ɗaya.