Zango-Zango A Hamadar Ostareliya

Duk wanda ya tashi a zango ya san asalin sunan unguwarsa: wurin da fatake ke sauke kaya ne, su shayar da dabbobi, su kwana, gari ya waye su ɗaura. To, a wannan watan za mu leƙa wata ƙasa mai nisa inda har gobe matafiyi bai isa ya raina zango ba, wato tsakiyar Ostareliya.

Hanyar da za mu bi sunanta Stuart Highway. Ta tashi daga Port Augusta a kudu, ta miƙe har Darwin a arewa, tafiyar fiye da kilomita 2,700. Sunan John McDouall Stuart aka sa mata, Baturen da ya ratsa ƙasar daga kudu har bakin tekun arewa a 1862. A sawunsa aka ja wayar tangaraho, aka gama a 1872, ana kafa tashoshinta a inda ake samun ruwa. Nan ne tushen zangunan Alice Springs da Barrow Creek da Tennant Creek. Kwalta kuwa, sai a 1987 aka gama shimfiɗa ta.

Galibin zangunan ba garuruwa ba ne. Gidan mai ne da wurin cin abinci da 'yan ɗakunan kwana, shi ke nan. Amma rai ya rataya a kansu. Wanda ya wuce Glendambo bai cika tanki ba, to sai ya yi wajen kilomita 250 kafin ya sake ganin famfon mai. Shi ya sa ake gargaɗin matafiyi ya yi guzurin ruwa, in mota ta lalace kuma ya zauna kusa da ita, kada ya nausa daji neman taimako. Tafiyar dare ma a kiyaye, don kangaru da shanu kan faɗo titi. Ga kuma manyan motoci masu jan tirela uku, tsawon wata ya haura mita 50. Sannu dai ba ta hana zuwa.

Abin mamaki na farko shi ne Coober Pedy, inda aka gano dutse mai daraja da ake kira ofal a 1915. Zafin rani a nan kan wuce digiri 40, saboda haka mutane da yawa suka haƙa gidajensu cikin ƙasa, har da otal da majami'u. Can gaba, a Erldunda, akan ratse yamma zuwa Uluru, jan dutsen nan mai tsayin mita 348. Wuri ne mai alfarma ga 'yan asalin yankin, Anangu. An mayar musu da shi a 1985, aka kuma hana hawansa a 2019. Baƙo ya ba ido abinci, ya bar wa masu wuri wurinsu.

Mu malaman makaranta, abin da ya fi burge mu yana Alice Springs. A 1951 aka buɗe makarantar da malami ke koyarwa ta rediyo, ɗalibansa na warwatse a gidajen kiwo, wani yana ɗaruruwan kilomita da ɗan ajinsu. Yau ta intanet ake yi. Nisa dai bai zama hujjar barin yaro cikin jahilci ba.

Sai zancen raƙuma. Tun wajen 1860 aka fara kawo su tare da masu jansu, galibi Musulmi daga Afganistan da yankin da yanzu yake Pakistan. Su suka yi dakon kayan tangaraho da abinci zuwa waɗannan zanguna, suka gina masallatai a inda suka zauna. Da jirgin ƙasa ya isa Alice Springs a 1929, motoci kuma suka yawaita, sai sana'ar ta mutu, aka saki dabbobin. Jikokin raƙuman nan dubbai ne yanzu a daji, jikokin mutanen kuma suna nan cikin garuruwan. Jirgin fasinjan da ke ratsa hamadar daga Adelaide zuwa Darwin, The Ghan ake ce masa, don tunawa da su.

Mu da kakanninmu suka shigo ƙasar nan da goro da jakuna a gaba, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. 'Yan tsiraru ne, baƙi ne, amma da guminsu hanya ta tsaya. Allah Ya jiƙan mazan jiya.